Zumunta a Ƙafa Take: Tsokaci a Kan Koke-koken Zaurukan Intanet Marasa Cibiya Bisa Ma'aunin Anka da Gummi da Bukkuyum

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi tsokaci a kan wani nau'in magana da ya yawaita a zamanin nan, watau koken da mutane kan yi game da na'urorin sadarwa a cikin na'urorin su kansu. Za mu taƙaita nazarinmu ga irin kafofin sada zumunta da ake ce wa marasa cibiya, musamman Mastodon, domin masu goyon bayansu suna da'awar cewa sun warware babbar matsalar da ke damun jama'a a Facebook da Twitter, wato kasancewar wuƙa da nama a hannun kamfani guda. Da'awa kuwa ba a karɓarta sai an auna ta. Ma'aunin da muka zaɓa shi ne rayuwar yau da kullum ta mutanen ƙananan hukumomi uku na yammacin Jihar Zamfara: Anka da Gummi da Bukkuyum.

Ba mu ce mutanen waɗannan garuruwa sun rungumi Mastodon ba. Abin da ke hannunsu shi ne kiran waya da WhatsApp da Facebook da TikTok. Mun zaɓe su ne saboda a cikin shekara goma sun ga fuskoki biyu na wannan al'amari. A 2013 sun ga yadda surutun intanet ya sa gwamnati ta saki kuɗin share gubar dalma a Bagega. A 2021 kuma sun ga yadda takarda guda ta kashe kowace waya a jiharsu. Duk maganin da za a kawo mana da sunan 'yancin sadarwa, ya kamata a gwada shi a kan waɗannan abubuwa biyu.

Kafin mu ci gaba, ya dace mu bambanta kalmomi uku da Hausa ta tanada. Gunaguni magana ce ta ƙasa-ƙasa wadda mai yin ta ba ya son a ji sosai. Mita kuwa nanata damuwa ce ga duk wanda ya samu, ko yana da magani ko ba shi da shi. Shi kuwa kuka, ko koke, Bahaushe cewa yake yi an kai shi: an kai kuka ga mai unguwa, an kai kuka ga sarki. Wannan aikatau na "kai" yana ɗauke da sharuɗɗa biyu, watau a sami hanyar da za a bi, a kuma sami wanda za a tarar a ƙarshenta. Da waɗannan sharuɗɗa biyu, hanya da mai ji, za mu auna abin da ke gabanmu.

2.0 Mene ne Zaure Marar Cibiya?

Dandali irin Twitter kamar babbar kasuwa ce mai sarki ɗaya. Shi ke ba da rumfa, shi ke ƙwacewa, shi ke zaɓar hajar da za a baje a bakin hanya. Da Elon Musk ya sayi Twitter a watan Oktoba na 2022 a kan dala biliyan 44, ya kuma sauya masa suna zuwa X a 2023, sai mutane da yawa suka farga cewa rumfar da suka shekara goma suna ƙawatawa aro ce. Da dama daga cikinsu suka yi ƙaura zuwa Mastodon.

Wani matashi ne a Jamus mai suna Eugen Rochko ya ƙirƙiro Mastodon a 2016. Tsarinsa shi ne kowa na iya ɗora manhajar a kan kwamfutarsa, ko wadda ya yi haya, ya buɗe nasa dandalin, ya kafa nasa dokoki. Irin wannan ƙaramin dandali shi za mu riƙa kira zaure a cikin wannan takarda, mai kula da shi kuma mai zaure. Akwai dubban irin waɗannan zauruka, kuma suna musayar saƙo a tsakaninsu bisa wata ƙa'ida da ake kira ActivityPub, wadda aka tabbatar a 2018. Misalinsu kamar gidajen waya ne na da: ka jefa wasiƙa a Anka, a karɓa a Zariya, ba tare da gidan wayar ɗaya ya mallaki ɗayan ba. Don haka ne adireshin mutum yake da kashi biyu, sunansa da sunan zaurensa, kamar yadda mukan ce wane na gidan wane.

Akwai kuma Bluesky, wanda aka faro a cikin kamfanin Twitter a 2019, aka buɗe shi ga kowa a watan Fabrairu na 2024. Shi ma yana da'awar rashin cibiya, amma ƙa'idarsa daban ce, kuma ya taso ne a hannun kamfani guda. Saboda haka Mastodon ya fi dacewa da nazarinmu.

3.0 Koken Cikin Zaure: Jigo da Salo

Duk wanda ya zauna a waɗannan zauruka na ɗan lokaci zai lura cewa wani babban kaso na hirarsu a kan zaurukan ne su kansu. Za mu iya kasa jigoginsu kamar haka:

(a) Wahalar zaɓen zaure. Baƙo yakan tarar da jerin sunaye, a ce ya zaɓi ɗaya, alhali bai san bambancinsu ba.

(b) Ɓacewar amsoshi. An daɗe ana kukan cewa mutum yakan ga rabin muhawara kawai, domin zaurensa bai san da sauran amsoshin da aka bayar a wasu zauruka ba.

(c) Wahalar ƙaura. Wanda ya sauya zaure yana iya tafiya da mabiyansa, amma tsofaffin rubuce-rubucensa ba sa bin sa.

(d) Mutuwar zaure. Galibin masu zauruka 'yan sa kai ne. In kuɗin haya ya ƙare ko mai zaure ya gaji, sai a rufe. Har ma sai da masu Mastodon suka sa sharaɗi ga zaurukan da suke tallatawa, cewa su ba da sanarwar wata uku kafin rufewa.

(e) Gaba tsakanin zauruka. Mai zaure na iya toshe wani zaure ɗungurungum, sai mutum ya wayi gari an raba shi da abokansa saboda rigimar da bai san da ita ba.

(f) Ƙananan ɓacin rai na gida da ofis, kamar injin buga takarda da ya ƙi aiki, ko sabunta manhaja da ya lalata abin da ke tafiya daidai jiya.

Ta fuskar salo, wannan koke gajere ne, domin a bisa al'ada harafi 500 aka ƙayyade wa saƙo. Yana cike da barkwanci da yi wa kai dariya, kuma sau da yawa akan mutuntar da na'ura, a yi mata magana kamar jaki mai taurin kai. Akwai kuma ladubban da suka shimfiɗa wa kansu, kamar rufe maganar da ka iya tayar da hankali da gargaɗi, da rubuta bayanin hoto domin makafi. Wannan ɗabi'a abin yabo ce, kuma ba mu ga kamarta da yawa a manyan dandali ba.

In muka ɗora shi a kan ma'auninmu, lalle wani sashe na wannan magana ya cancanci sunan koke. Mai zaure mutum ne mai suna, yana cikin zauren, ana iya kiransa ya amsa. Rubutun manhajar a buɗe yake, kuma masu rubuta ta suna karanta abin da ake faɗa. Mai kuka a Facebook da bango yake magana. Mai kuka a ƙaramin zaure kuwa da maƙwabci yake yi. Wannan shi ne ainihin ƙarfin tsarin, kuma ba za mu rage shi ba.

Amma manazarci yakan koyi abu daga abin da magana ta tsallake. A cikin jigogin nan shida babu kukan wuta, babu na sabis, babu na kuɗin data, babu na rashin iya rubutu. Mai kukan ya ɗauki waɗannan a matsayin iska da ƙasa, abubuwan da ba a tambayar samuwarsu. Watau hanya a wurinsa shimfiɗaɗɗiya ce, mai ji kaɗai yake nema.

4.0 Koken Anka da Gummi da Bukkuyum

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Koken mai waya a wannan yanki yana farawa ne daga inda na wancan bai taɓa dubawa ba.

Na farko shi ne caji. A ƙauyuka da dama, kai har da cikin garuruwan, ran waya yana hannun mai caji, wanda ke da janareta ko farantin sola, da jerin soket a kan katako, da 'yar lambar da yake manna wa kowace waya. Awannin da waya ke wurinsa, mai ita ba ya cikin kowane zaure, mai cibiya ko marar cibiya. Na biyu shi ne sabis. Kowane ƙauye ya san tudunsa ko gindin itacen da sabis ke sauka, kuma zuwa can da dare a yankin da 'yan bindiga ke yawo ba ƙaramin abu ba ne. Na uku shi ne kuɗi. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Na huɗu shi ne rajista. Tun Disamba na 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, a Afrilu na 2022 kuma aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Ga mutumin birni wannan bin layi ne na yini guda. Ga mutumin ƙauyen Bukkuyum kuwa tafiya ce a kan hanyar da ake tare mutane. Da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sai rashin sabis ya koma rashin cefane, domin na'urar mai POS ba ta aiki sai da shi.

Salon wannan koke ma daban ne. Na baka ne. Yana buɗewa da sallama da gaisuwa, a tambayi gida da iyali da ruwa ko sanyi, sa'an nan a shiga magana. Amshinsa shi ne "Kana ji na?" da "Ya ɗauke", waɗanda ake maimaitawa har sun zama kamar karin waƙa. Marar kuɗi kuma yana da nasa gajeren saƙo, watau filashin: ya kira ya katse, a gane yana nan da rai, ko yana son a kira shi. Inda aka sami data, saƙon murya na WhatsApp shi ne sarki, domin yana ɗaukar Zamfarci yadda yake, da "munka" da "sunka" da "hwa", kuma tsohuwar da ba ta yi boko ba tana iya aikawa ta kuma saurara.

A nan ne matsalar farko ta zauruka marasa cibiya take. An gina su a kan rubutu. Ba a shiga sai da adireshin imel, alhali WhatsApp lambar waya kaɗai yake nema. Wanda ya yi karatun allo, yake rubuta ajami sarai, baƙo ne a wurin. Daɗin daɗawa, da yake ba su da irin lissafin na'urar da ke tura wa mutum abin da ake yayi, sai maudu'i mai alamar # ya zama babbar hanyar gano magana. Maudu'i kuwa ba ya haɗa mutane sai sun rubuta shi iri ɗaya. To, wani ya rubuta Bukkuyum, wani Bukuyum. Wani Gummi, wani Gumi. Wani ya sa ƙ mai ƙugiya, wani ya sa k. Ashe matsalar daidaita ƙa'idojin rubutu, wadda tarurruka irin wannan suka daɗe suna tattaunawa, ta biyo mu har cikin waya.

5.0 Shekarar 2021: Da Aka Rufe Hanya

Abubuwa biyu sun faru a 2021, kuma kwatanta su shi ne zuciyar wannan takarda.

A ranar 4 ga Yuni gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar dakatar da Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a ɗage ba sai 13 ga Janairu na 2022, daga baya kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Wannan shi ne irin ciwon da aka yi zauruka marasa cibiya dominsa. Toshe dandali ɗaya abu ne mai sauƙi, toshe dubban zauruka kuwa sai an sha wuya. Mutanen birni suka koma amfani da VPN. Ita gwamnati ta buɗe shafi a wani dandali na Indiya mai suna Koo, wanda shi kansa ya rufe a 2024, abin da ke ƙara nuna haɗarin jingina ga kamfani guda.

Abu na biyu ya zo bayan wata uku. A ranar 3 ga Satumba, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe dukkan ƙarafan sabis na Jihar Zamfara. Wannan ya biyo bayan sace ɗalibai a wata sakandare ta ƙaramar hukumar Maradun a farkon watan. Hujjar gwamnati ita ce 'yan bindiga suna amfani da waya wajen samun rahoto daga masu yi musu leƙen asiri da kuma cinikin kuɗin fansa. An ce na mako biyu ne. Ba a mayar wa Gusau sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa, har da ukun da muke magana a kansu, sai wajen ƙarshen Nuwamba. An kuma yi irin wannan a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna.

Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci a kan amfanin matakin ta fuskar tsaro. Abin da ya shafe mu shi ne, a wannan karo VPN bai yi rana ba, kuma da a ce kowace unguwa a Gummi tana da zaurenta na Mastodon, da duk sun mutu a sa'a guda, domin dukkansu a kan ƙarfe ɗaya suke hawa. Masu wannan fasaha sun warwatsa rassan itace, amma gindin yana nan guda, kuma shi aka sare.

Akwai wata rana da ta dace a tuna. A ranar 4 ga Oktoba na 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida. Jaridun duniya suka cika da labarin, masu zauruka marasa cibiya kuma suka yi ta murnar cewa nasu na aiki. A wannan rana mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum sun cika wata guda cur babu ko kiran waya. Kukan awa shida ya zagaya duniya. Na wata uku kuwa kaɗan ne ya fita, domin hanyar da zai bi ita ce aka rufe.

Abin lura kuma shi ne, a daidai wannan lokaci gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da safarar dabbobi. Kasuwar mako a ƙasar Hausa ba wurin ciniki kaɗai ba ce. Nan ake jin rasuwa da haihuwa da farashin gero, nan ake ba da saƙo a kai ƙauye. Mai caji kuma da fetur na jarka yake tayar da janareta. Ashe an taɓa sabuwar hanya da tsohuwa a lokaci guda. Abin da ya rage shi ne direba da ɗan acaba da 'yar wasiƙa a aljihu, da tafiya takanas zuwa inda sabis ke kamawa a wajen jihar. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take. A waɗannan watanni maganar ta tashi daga karin magana ta koma bayanin halin da ake ciki.

6.0 Wa Ke Ji? Darasin Bagega

Mu juya ga sharaɗi na biyu, watau mai ji. A 2010 aka gano cewa gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yara fiye da 400 suka rasu. An share ƙasar wasu ƙauyuka, ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara magani, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya. Likitoci kuwa ba sa fara ba yaro magani sai an share gurɓatacciyar ƙasar da zai koma wasa a kanta. A 2012 wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka fara yekuwa da maudu'in #SaveBagega, ƙungiyar Human Rights Watch ta mara baya, aka yi ta kiran sunan Shugaba Goodluck Jonathan a Twitter da Facebook. A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka yi aikin.

Me ya sa wannan kuka ya yi tasiri? Saboda an yi shi a fili guda inda shugaban ƙasa da ministoci da 'yan jarida na gida da na waje duk suke, kowa na ganin kowa. Kunya ce ta yi aiki, kunya kuwa sai a bainar jama'a. Wannan shi ne abin da zaure marar cibiya bai iya ba. An tsara shi ne don magana ta tafi a hankali, kada ta zama gobara, kuma masu mulkinmu ba su da kujera a cikinsa. Mai zaure zai iya gyara maka zaurensa, amma ba zai saki kuɗin share dalma ba. Koken da aka kai wa wanda ba shi da iko a kan abin da ake kuka da shi ya koma mita, komai kyan tsarinsa.

Sai dai a nan ma a lura da wanda ya yi maganar. Iyayen yaran Bagega ba su ne suka rubuta maudu'in ba. Wasu ne masu boko da data suka ɗauki kukansu suka kai. Haka kuma da aka kai hari ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairu na 2022, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai kimanin 200, kuma ta bakin wakilan kafofin labarai duniya ta ji nasu lissafin. Har yanzu dai ana bukatar ɗan aike tsakanin ƙauye da fada, ko da wane irin dandali ake amfani.

7.0 Mai Zaure da Amana

Akwai wata fuska da masu yabon ƙananan zauruka ba su cika dubawa ba. Kusancin mai zaure, wanda muka yaba a baya, yana da nasa haɗari. Saƙonnin sirri na Mastodon ba a kulle suke daga baki zuwa kunne ba, mai zaure yana da damar ganinsu, saɓanin WhatsApp da ya kulle nasa tun 2016. A ƙasar da zargin kai rahoto, ko ga 'yan bindiga ko ga jami'an tsaro, ke iya jawo wa mutum asarar rai, wa zai yarda ya rubuta abin da ya gani a daji a zauren da maƙwabcinsa ke riƙe da mabuɗi? Shi kansa mai zauren, wa zai kare shi ranar da aka zo masa da bindiga ko da sammaci? Babban kamfani yana da lauyoyi da nisa. Malamin makarantar da ya buɗe zaure a Gummi ba shi da ko ɗaya.

Bugu da ƙari, galibin ƙananan zauruka ba a gidajen masu su suke ba. Hayar kwamfuta ake yi a manyan rumbuna na Jamus da Faransa da Amurka, a biya da yuro ko dala duk wata. Tun da aka saki darajar naira a Yuni na 2023 wannan haya ta ƙara nauyi ga ɗan Nijeriya. Saƙo daga wata unguwa ta Anka zuwa maƙwabciyarta sai ya je Turai ya dawo, ta kan ƙarfen sabis ɗin nan dai guda.

8.0 Hannu da Hannu

In ana neman sadarwar da ba ta da cibiya da gaske, tana nan a tasha da bakin kasuwa. Masu tura waƙoƙi da finafinai da wa'azi suna cika memori daga kwamfuta, mai waya ya tura wa abokinsa ta Bluetooth ko Xender, shi ma ya tura wa wani, babu data, babu ƙarfen sabis. Ta haka karatun malami ko sabuwar waƙa ke ratsa ƙauyuka. Kafin wannan ma akwai ƙungiyoyin masu sauraren rediyo, waɗanda suka ƙulla zumunci tsakanin garuruwa ta hanyar katin gaisuwa a shirye-shirye irin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Rediyo kuwa bai ɗauke ba a 2021, ko da yake shi faɗa yake yi, ba ya jin amsa sai an kai masa.

Wasu masana fasaha sun bi wannan sawu. Dominic Tarr na ƙasar New Zealand ya ƙirƙiro Scuttlebutt a 2014, inda kowace na'ura ke ajiye saƙonnin abokai, in ta haɗu da wata su yi musaya. Manhajar Briar ma tana iya aika saƙo ta Bluetooth in babu intanet. Waɗannan sun fi Mastodon kusa da bukatar yankinmu, domin sun ɗauka tun farko cewa hanya na iya yankewa. Amma zangonsu gajere ne, taku kaɗan, saboda haka saƙo ba ya isa ƙauye na gaba sai wani ya ɗauki waya ya taka. Kuma abin da ke zagayawa hannu da hannu ba shi da mai tantancewa: jita-jitar hari tana tafiya da saurin labarin gaskiya.

9.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa zauruka marasa cibiya sun gyara abu ɗaya na gaske, watau sun ba mai kuka mutumin da zai amsa masa game da zauren da yake zaune. Wannan ya sa koke-kokensu suke da ladabi da raha da ba a samu a manyan dandali. Amma bisa ma'aunin Anka da Gummi da Bukkuyum sun gaza ta fuska biyu. Ba su mallaki hanyar da suke bi ba, kamar yadda 2021 ta nuna. Ba su kuma kai ga kunnen mai iko, kamar yadda Bagega ta nuna ana bukata.

Saboda haka muna ba wannan taro shawara uku. Ta farko, masu nazarin adabin baka su ɗauki saƙon murya da muhimmanci, su tattara shi da izinin masu shi, tare da ɓoye sunayensu, musamman labaran watannin da aka rufe sabis, tun waɗanda suka gani suna tunawa. Ta biyu, masu nazarin harshe su zauna da masu caji da masu tura waƙoƙi da masu gyaran waya kafin su ƙirƙiro kalmomin fannu, domin kalmomi irin su ƙarfen sabis da filashin sun riga kwamiti isa kasuwa. Ta uku, duk sashen jami'a da ke sha'awar buɗe zaure na Hausa, ya fara da tambayar ko mai Zamfarci da ba ya rubutun boko zai iya magana a ciki, da kuma abin da zai faru da zauren ranar da aka sake kashe sabis. Muna fata masu iya wannan fasaha daga cikin mahalarta za su ɗora daga inda muka tsaya.